Ɗalibin Kwamfuta, Kafin Ka Kwafo Dijkstra, Fita Ka Auna Unguwarku

Duk wanda ya taɓa buɗe Google Maps a wayarsa, ya rubuta inda za shi, ya ga shuɗin layi ya miƙe daga inda yake tsaye har zuwa can, to ya ci gajiyar amsar wata tsohuwar tambaya ta lissafi: a cikin hanyoyi masu yawa, wacce ce ta fi sauƙi? Wannan tambayar ake koyar da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a aji, kuma ita ce da yawansu suke ɗauka a matsayin furojet ɗin kammala karatu. Taken yakan zo kusan iri ɗaya: manhajar nemo gajeriyar hanya ta amfani da dabarar Dijkstra ko ta A*.

Abin da ake nunawa ranar kare aikin ma kusan iri ɗaya ne. Fuskar kwamfuta ta cika da ƙananan gidaje kamar na dara, kore a wannan kusurwa, ja a waccan, wasu baƙaƙe a tsakiya a matsayin katanga. Ɗalibi ya danna, launi ya bazu kamar ruwa ya zube a siminti, layi ya fito, a tafa masa. Abin yana da ban sha'awa, ba musu. Sai dai irinsa yana nan birjik a GitHub da YouTube, kuma a yau ChatGPT zai rubuta maka shi kafin shayinka ya huce.

Ra'ayina shi ne wannan furojet yana cikin mafiya amfani da ɗalibi zai iya ɗauka, amma da sharaɗi guda: taswirar da zai yi aiki a kanta ta zama ta gaske, ta wurin da ya sani, kuma ya fita da ƙafarsa ya auna ta. Dabarar lissafin an gama da ita fiye da shekara sittin da suka wuce, kyauta ce ga kowa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin hanyoyinmu a rubuce, ta yadda na'ura za ta iya karantawa. Ɗalibin da ya tsallake wannan ɓangare ya bar nama ya ɗauki ƙashi.

Gadoji bakwai da ragar masunta

Don mu fahimci juna, bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1736, masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi rubutu a kan wata wasa ƙwaƙwalwa ta birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Kogin Pregel ya raba birnin gida huɗu, gadoji bakwai suka haɗa sassan. Tambayar ita ce: mutum zai iya yawo a garin ya bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak?

Euler ya ce ba zai yiwu ba, kuma yadda ya kai ga amsar ya fi amsar kanta muhimmanci. Ya watsar da gidaje da tituna da tsawon gadojin, ya bar abu biyu kawai: wurare, da abin da ya haɗa su. Ya lura cewa duk yankin da mutum zai ratsa ya wuce, dole ya shiga ta wata gada ya fita ta wata, don haka gadojinsa su kasance bibbiyu. Inda aka fara tafiya da inda aka ƙare ne kawai za su iya samun mara. A Königsberg kuwa yanki ɗaya yana da gada 5, sauran ukun kowanne yana da 3. Duka huɗun mara ne, magana ta ƙare.

Wannan salon kallon abubuwa shi ake kira giraf a ilimin kwamfuta, kuma ya bambanta da zanen da muka saba yi a darasin lissafi na sakandare. A nan zan kira shi raga, saboda ya yi kama da ragar masunta: ƙulli-ƙulli da zaren da ya haɗa su. Kowane ƙulli mahaɗa ce, kowane zare layi ne, kuma ana iya ɗora wa kowane layi wata lamba da ake kira nauyi. Nauyin na iya zama tsawo, ko lokaci, ko kuɗin mota.

Wayarka cike take da irin wannan raga. Abokanka na Facebook raga ne, shi ya sa yake iya nuno maka mutanen da wataƙila ka sani. Na'urorin da ke tura saƙo a intanet suna amfani da wani tsari mai suna OSPF, wanda a cikinsa dabarar Dijkstra ce ke zaɓa wa bayanai hanya. Abokin gābar da ke bin ka a wasan gem ya zagaye gini ya tare ka, shi ma raga yake karantawa.

Minti ashirin a wurin shan kofi

Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ne. A shekarar 1956 yana aiki a Amstadam, ana neman abin da za a yi amfani da shi a nuna wa jama'a ƙarfin wata sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC. Ya zaɓi tambayar da kowa zai gane: wace hanya ce ta fi kusa tsakanin birane biyu, kamar daga Rotterdam zuwa Groningen? Ya yi amfani da taswirar birane 64. Shi da kansa ya ba da labarin cewa cikin kamar minti ashirin ya tsara dabarar, yana zaune a wurin shan kofi tare da budurwar da zai aura, babu takarda babu alƙalami. An buga ta a 1959 a wata gajeriyar maƙala, kuma a 1972 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen kwamfuta.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani. A ce akwai wurare biyar: gida, masallaci, kasuwa, makaranta da asibiti. Daga gida zuwa masallaci minti 2, gida zuwa kasuwa minti 6. Masallaci zuwa kasuwa minti 3, masallaci zuwa makaranta minti 8. Kasuwa zuwa makaranta minti 2, kasuwa zuwa asibiti minti 9. Makaranta zuwa asibiti minti 4. Kana da mara lafiya a gida, kana son isa asibiti.

Dijkstra ya ce: kullum ka tafi wurin da ya fi kusa a cikin waɗanda ba ka gama da su ba, daga nan ka duba ko ya rage maka nisan maƙwabtansa. Daga gida, masallaci ne mafi kusa, minti 2. Da ka tsaya a masallaci sai ka ga kasuwa ta koma minti 5 a maimakon 6, makaranta kuma minti 10. Na gaba mafi kusa kasuwa ce. Daga can makaranta ta sauko zuwa minti 7, asibiti ya bayyana a minti 14. Sai ka je makaranta, ka ga asibiti ya sauko zuwa minti 11. Hanyar da ido zai ce ta fi miƙewa, wato gida zuwa kasuwa zuwa asibiti, minti 15 take ci. Mai zagaye-zagayen ta fi ta sauri da minti 4.

Shi ke nan dabarar. A harshen Python ba ta wuce layi ashirin zuwa talatin na kod. Wanda ya fahimce ta zai iya yin ta da gawayi a jikin bango.

Wa ya ce minti biyu ne?

Yanzu ga tambayar da ta raba furojet na gaske da na kwafe: daga ina waɗannan lambobi suka fito? A misalinmu ni na ƙirƙire su. A titi kuwa sai wani ya auna.

Mu koma kan misalin. A ce yau kasuwa take ci, duk hanyar da ta fita daga cikinta ta ƙaru da minti 10. Kod ɗin bai canza ko da harafi ɗaya ba, amma amsar ta canza: yanzu sai a bi ta masallaci a wuce makaranta kai tsaye, a isa asibiti a minti 14, ba tare da an leƙa kasuwa ba. Manhajar da ba ta san ranar kasuwa ba za ta jefa mai mara lafiya cikin cunkoso, kuma a wurinta ta yi daidai.

Dabarar Dijkstra ba ta san kalmar gajere ba. Lambobi kawai take haɗawa ta zaɓi mafi ƙanƙanta. Ɗan'adam ne yake yanke hukuncin abin da lambar take nufi, kuma a garuruwanmu wannan hukunci yana da rassa. Lungun da mai ƙafa ko mai babur zai ratsa cikin minti ɗaya, a-daidaita-sahu ba zai shiga ba, balle motar asibiti. Titin da yake lafiya lau da rani, da damina kwata kan cika ya zama gulbi. Hanyar da ta wuce ta gaban masallacin Juma'a takan rufe na wani lokaci duk mako. Wata hanyar gajeriya ce da rana, amma babu mai hankalin da zai tura ƙanwarsa ta bi ta bayan isha'i. Hausawa sun riga kwamfuta sanin wannan da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ko manyan kamfanoni a nan suke zuba ƙoƙarinsu. Kamfanin kai saƙo na UPS a Amurka ya shahara da tsara wa direbobinsa hanyoyin da ke rage yankan hannun hagu, saboda jiran motocin da ke tahowa yana cin lokaci da mai, kuma ya fi haɗari. Wannan ba sabon lissafi ba ne. An dai ƙara wa irin wannan kwana nauyi ne, bayan an lura da abin da ke faruwa a titi.

Kurakuran da gidan dara ba ya nunawa

Dabara ta biyu da ɗalibai ke so ita ce A*, ana karanta ta e-sta. Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael ne suka fitar da ita a 1968 a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, lokacin da ake aikin wani mutum-mutumi mai suna Shakey da ake son ya riƙa nemo hanyarsa da kansa. Bambancinta da ta Dijkstra shi ne kintace. Ta Dijkstra tana bazuwa ta ko'ina, gabas da yamma, har ta ci karo da inda ake nema. A* tana ƙara ƙiyasin sauran tafiyar da ta rage, don haka ta fi karkata wajen da za a, ta duba mahaɗu kaɗan.

Akwai sharaɗi: ƙiyasin kada ya wuce gaskiya. Shi ya sa ake amfani da nisan miƙaƙƙen layi, kamar yadda tsuntsu zai tashi, tunda babu titin da zai fi shi gajarta. Amma idan nauyinka lokaci ne, mitoci ba za su haɗu da mintoci ba, sai ka raba nisan da gudu mafi girma da abin hawa zai iya yi a yankin. Ɗalibin da ya manta da wannan zai samu manhaja mai sauri da ke ba da amsar da ba ita ce mafi kyau ba, kuma ba zai taɓa ganewa ba idan a gidajen dara kawai ya gwada, inda kowane taku ɗaya yake da ɗan'uwansa.

Taswirar gaske tana da wasu tarkon. Tituna biyu za su gitta juna a zane, amma ɗaya a kan gadar sama yake, ɗaya a ƙasa, kamar a Ƙofar Nassarawa a Kano. Idan ka sa mahaɗa a wurin, manhajarka za ta ce wa direba ya diro daga gada. Titin wanwe yana buƙatar layi mai fuska ɗaya. Titi mai shinge a tsakiya yana tilasta a je gaba a juyo. Wani lokacin wanda ya zana taswira ya bar ɗan gibi tsakanin layi biyu, sai kwamfuta ta ce babu hanya, alhali mutane suna bin wurin kullum.

Haka kuma girman raga yana tona asirin kod. Salon Dijkstra mafi sauƙi, wanda ke bincika dukkan mahaɗu kowane zagaye don nemo mafi kusa, yana yin aiki daidai da adadin mahaɗu sau kansa. Mahaɗa 1,000 taku kamar miliyan ɗaya ne, ba komai. Mahaɗa miliyan ɗaya kuwa taku tiriliyan ɗaya ne. A nan ne ɗalibi zai gane amfanin layin jira mai fifiko da aka koya masa a aji ya haddace don jarrabawa. Manyan manhajojin taswira sun ma wuce nan: suna yin lissafin share fage tun kafin ka tambaya, su ajiye gajerun hanyoyi tsakanin muhimman mahaɗu. Wata fitacciyar dabara ta irin wannan daga masu bincike a Karlsruhe ta Jamus ta fito a 2008.

Duk waɗannan darussa ne da ba a samu sai an yi karo da su. Kwafe ba ya karo da komai.

Taswirar da kai ma za ka iya gyarawa

Wani zai ce: ina ɗalibi zai samu taswirar garinsu? Akwai OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Birtaniya a 2004. Kamar Wikipedia take: kowa na iya ƙarawa, kowa na iya ɗauka kyauta muddin ya ambaci inda ya samo. Akwai wani kunshin kod na Python mai suna OSMnx da ke sauko da titunan gari ya mayar da su raga kai tsaye.

Wannan taswira ta sha nuna amfaninta. Bayan girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, 'yan sa-kai daga sassan duniya sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suka zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu aikin ceto suka yi aiki da ita. A nan gida ma mun ga darajar taswira mai kyau. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a arewacin Najeriya, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano ƙauyuka da rugagen da ba sa cikin tsofaffin taswirori, aka kuma ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS don a san inda aka je da inda aka tsallake. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Aikin na mutane da yawa ne, amma sanin inda kowane gari yake yana cikin abin da ya taimaka.

Ka buɗe OpenStreetMap ka duba unguwarku. Mai yiwuwa manyan tituna suna nan, amma ka ƙirga lungunan da babu, da waɗanda aka zana ba suna, da waɗanda ba a nuna ko mota na shiga ba. Kowane ɗaya daga cikinsu aiki ne da ke jiran ɗalibi.

Uzurorin da ake bayarwa

Na farko: Google ya riga ya yi, mene ne na wahalar da kai? Google Maps yana nan tun 2005 kuma yana da ƙarfi sosai, amma saninsa daga bayanai yake. A watan Fabrairun 2020 wani mai fasaha ɗan Jamus, Simon Weckert, ya nuna yadda ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke ya ja su a titunan Berlin, taswirar ta nuna jan layi na cunkoso a titin da babu kowa. Wannan ya tabbatar da cewa ƙiyasin cunkoso daga motsin wayoyi ake haɗa shi. Inda mutane ke kashe data don tattali, ko lungun da ba a taɓa zanawa ba, dole sanin ya yi rauni. Kuma ɗalibi ba gasa yake da Google ba. Koyo yake yi, a wurin da ya fi Google sani.

Na biyu: tunda ChatGPT da ire-irensa suna rubuta kod, me ya rage? Wannan hujja ce ta goyon bayan abin da nake faɗa. Idan na'ura za ta rubuta Dijkstra cikin daƙiƙa biyar, to rubuta Dijkstra kaɗai ya daina zama abin da za a ba mutum digiri a kansa. Abin da ya rage mai daraja shi ne abin da na'urar ba ta iya yi: tsayawa a shataletale da agogo, hira da ɗan sahu, gane cewa amsar da ta fito ba ta yi daidai da titi ba. Kuma wanda bai fahimci kod ɗin da aka rubuta masa ba, ba zai iya gyara shi ranar da ya karkace ba. Kamfanonin manhaja sun saba tambayar masu neman aiki a kan raga a lokacin intabiyu, su sa mutum ya yi bayani da bakinsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku: ba ni da laftof. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, domin rubuta dogon kod a waya akwai gajiya. Amma Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android. Vespucci da StreetComplete suna ba ka damar gyara OpenStreetMap daga waya. OsmAnd tana iya ɗaukar sawun tafiyarka ta GPS. Wayar da ta fi kowacce araha a kasuwa a yau ta fi ARMAC ƙarfi nesa ba kusa ba. Rabin aikin da nake magana a kai ma waya ta fi laftof dacewa da shi.

Na huɗu ya fi nauyi: malamai sun fi son babban take. Unguwa ɗaya tana kama da ƙaramin aiki idan aka ajiye ta kusa da taken da ya ce zai magance cunkoson jiha guda. Amma babban take a kan bayanan ƙarya ba ya magance komai. Ƙaramin aikin da wani zai iya ɗauka ya gwada ya ga ya yi, shi ne kimiyya.

Yadda aikin zai kasance

Ka zaɓi yanki ƙarami da ka sani kamar tafin hannunka: unguwarku, ko harabar makarantarku, ko zagayen wata kasuwa. Mahaɗa 100 zuwa 200 sun isa. Ka zaɓi mutum ɗaya da kake yi wa aikin: mai kai saƙo a babur ne, ko motar ɗaukar mara lafiya, ko baƙon ɗalibi mai neman ɗakin lacca, ko mai keken guragu da ke gudun tudu da kwalbati. Wannan zaɓi shi zai faɗa maka abin da nauyi yake nufi.

Ka sauko da taswirar, ka bi ta da ƙafa ka gyara abin da ba daidai ba. Ka auna lokacin bin muhimman hanyoyi da safe, da rana, da yamma, ka ƙara da ranar Juma'a ko ranar kasuwa. Ka rubuta Dijkstra da A* da hannunka, sannan ka kwatanta amsarka da ta NetworkX, wani kunshin kod da aka daɗe ana amfani da shi, don ka tabbatar ba ka yi kuskure ba. Ka ƙirga mahaɗu nawa kowace dabara ta duba kafin ta samu amsa. Wannan jadawalin kaɗai ya fi shafi ashirin na bayanin da aka kwafo.

Sannan gwaji mafi muhimmanci: ka samu 'yan sahu ko 'yan acaɓa goma, ka tambaye su ta ina za su bi daga nan zuwa can. Inda suka saɓa da manhajarka, ka nemi dalili. Wataƙila akwai ramin da ba ka sani ba, ko wurin da ake tare su, ko kuma al'ada ce kawai kuma manhajar ta fi su gaskiya. Ka rubuta duka biyun a rahotonka. Babin da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ya lissafa inda aikin ya gaza.

Ka kiyaye abu uku. Kada ka kwafi komai daga Google Maps ka zuba a OpenStreetMap, dokar taswirar ta hana. Kada ka sa sunan gidan wani ko bayanin iyalinsa, kuma ka nisanci wuraren jami'an tsaro. Kafin ka fara yawo kana ɗaga waya a lungu, ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani. Na uku, kada kwaɗayi ya ja ka zuwa tambayar da ta fi ƙarfin zango ɗaya. Nemo hanya daga wuri zuwa wuri abu ne mai sauƙi, amma tsara wa mai kai saƙo jerin gidajen da zai bi wata matsala ce daban mai wuyar gaske. Gidaje 10 ana iya jera su ta hanya 3,628,800. Gidaje 15 sun haura tiriliyan ɗaya. Har yau babu wanda ya gano dabara mai sauri da ke ba da amsa mafi kyau a kowane hali, sai dai dabarun kusantar ta.

Ga malamai, da sauranmu

Malaman da ke duba waɗannan ayyuka suna da hanya mai sauƙi ta gane na gaske. Ranar kare aiki, a ce wa ɗalibi ya rufe titi ɗaya a ragarsa, ya faɗi abin da zai faru kafin ya danna. A tambaye shi wa ya auna wannan nauyin, yaushe, da me. Wanda ya yi aikin zai amsa yana murmushi. Kuma da sassan kwamfuta za su riƙa ajiye bayanan da kowane rukuni ya tattara, na bana ya ɗora a kan na bara, cikin 'yan shekaru jami'a ɗaya za ta mallaki taswirar garinta da babu kamfanin da yake da irinta.

Mai karatun da ba ɗalibin kwamfuta ba, kai ma abin ya shafe ka. Ranar da za a kira motar asibiti ko ta kashe gobara zuwa layinku, direban na iya dogara da waya, wayar kuma ta dogara da abin da wani ya taɓa zanawa. Sauke StreetComplete, ka amsa tambayoyi biyar a kan titin ƙofar gidanku: kwalta ne ko ƙasa, yana da suna, akwai fitila? Lissafin ya zo mana daga Amstadam da Kalifoniya, mun gode. Sauran aikin kuwa, da ɗan gari akan ci gari.